Akwatin Ƙarƙashin Benci

A wurin wasan yara na unguwar Safa, na jawo 'yata jikina ganin wani saurayi yana lalube ƙarƙashin benci da waya a hannu. Wata tsohuwa mai tsintar gwangwanaye ce ta tare shi.

"Kai ɗan nan, me ka yar?"

"Ba komai, Inna, wasa ne. Wani ke ɓoye ɗan akwati, waya ta nuna wurin. In ka gano, ka rubuta sunanka a takardar ciki, ka mayar."

"Sai a ba ka me?"

"Ba a ba da komai."

"Da gemunka? A garin da ake tambayar baƙo iƙama, takardar izinin zama, kake rarrafe a banza?"

"Har injiniyoyi akwai a ƙungiyarmu! Sai dai akwati tara sun ɓace cikin wata guda. Ni ne sabon shiga, ni ake zargi. In wannan ma babu, korata za su yi."

"Koraye, masu murfin da ke kamawa gam?"

"Wallahi su ne! Kin gan su?"

"Suna gidana. Ɗaya gishiri, ɗaya kanwa, ɗaya daddawa. Kyankyaso ko kusa ba ya zuwa."

"Inna, don Allah ki wanke ni wurinsu!"

"Halas, shi ke nan, daina kuka. Yalla, maza kunna wayar in gaya musu da bakina ni ce. Amma na gaba su ɓoye babba, shinkafata ba ta da mazubi."