Mararar Mutum Shida

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Aziziyya, a ƙasa mai tsarki, kashegarin Babbar Sallah, wani dattijo mai kumburarriyar fuska yana ta susar wuya. Magidancin da ke kusa da shi ya juyo.

"Salamatak, sannu Baba. Wani abu ne ya cije ka?"

"Ina fa! Marara na ci jiya, abincinmu na Hausawan Sudan. Ɗanyar hanta da huhu da tumbi, a matsa lemun tsami, a zuba barkono. Ko awa biyu ba a yi ba maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi har cikin kunne, ga tari ga atishawa. Yawu ma da ƙyar nake haɗiyewa."

"Ɗanya? Haba Baba! Maƙwabcinmu haka ya yi. Likita ya ce ƙananan tsutsotsi ne a cikin hantar, su ke maƙalewa a maƙogwaro."

"Shekara hamsin ina ci. Da matata Dela ce ta haɗa, da ba haka ba."

"Tana ina?"

"Sudan, ita da yara. Wata biyar ke nan wayarta ba ta shiga."

"Allah Ya sada ku. To halas, shi ke nan, a kira waɗanda kuka ci tare su zo a duba su. Ku nawa ne?"

"Na mutum shida na haɗa, yadda aka saba."

"Yalla, maza ba ni lambobinsu in kira, kai muryarka ta dishe."

"Mayar da wayarka, ɗana. Na bar ƙofa a buɗe har la'asar, ba wanda ya yi sallama."