Sawun Lawali a Kan Kwano

A unguwar Utaiƙa, can ƙasar waje, bayan azahar, wani ɗan Maraɗi ya ƙura wa rufin wani sito ido. Wani injiniya ɗan Najeriya da ke jiran mota ya matso kusa da shi.

"Malam, kwanon can da ya lotsa kake kallo? Zafi ne. An matse kusoshi, rana ta buɗa ƙarfen, ya rasa wurin miƙewa, sai ya yi tudu da kwari."

"Ni na buga shi, Injiniya. Sau uku kafil ɗinmu, ubangidan da ya kawo mu aiki ƙasar nan, yana sa a sauya."

"To, sau uku kuna matse kusa."

"Ƙirga lotsawar."

"Takwas, a jere."

"Makon jiya bakwai ne. Ka taɓa ganin zafi yana taku, dama, hagu, dama, hagu?"

"Haba, ɗan'uwa! To ina suka nufa?"

"Bakin can, wurin tsani."

"Ai ba tsani a wurin."

"An ɗauke. Bara, ranar Alhamis da tsakar rana, kafil ya ce yalla, maza a kai shi wani aikin. An zaci abokinmu Lawali ya sauko. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ga 'yan sanda a titi, bai yi ihu ba. Sai Asabar aka dawo, aka sauko da gawarsa."

"Inna lillahi! Wa ya ɗauke tsanin?"

Ba iska, amma kwanon ya yi ƙwas.

"Tara ke nan, Injiniya. Saura taku biyu. Gara ya sauko ya same ni nan, da ya bi ni har ɗaki."