Kifi Goma Zuwa Ofishin Manaja Pyo

Omma: Halo? Wa ke magana?

Hye-rim: Omma, ni ce.

Omma: Ke wa? Ɗaga murya, ina rumfar shanyar kifi, iskar teku ta hana ni ji.

Hye-rim: Hye-rim ce, 'yarki. Ina wuni?

Omma: Au, mutanen Seoul sun tuna suna da uwa. Kin ci abinci?

Hye-rim: Na ci. Ya ƙafar?

Omma: Tana nan inda kika bar ta. Me kika ci?

Hye-rim: Taliya.

Omma: Taliya ba abinci ba ce. Shekara talatin da huɗu, ba miji, ba shinkafa a ciki. Kin yanki tikitin zuwa gida bikin Chuseok, a gyara kaburbura? Kabarin babanki ciyawa ta kai gwiwa.

Hye-rim: Omma, ke kika aika wa Manaja Pyo kifi?

Omma: Ya isa? Madalla! Guda goma, manya, da hannuna na ɗaure su. Ko siriki ba ya samun irinsu.

Hye-rim: Da wasiƙa a ciki.

Omma: To da fa? A aika wa babban mutum kaya ba gaisuwa? Sau uku ina sake takarda kafin rubutun ya miƙe.

Hye-rim: "Na gode da ka bar 'yata ta tafi karatun kasuwanci ƙasar waje. Ka rubuta mata shaida mai kyau." Haka kika rubuta?

Omma: Haka. Ba ke kika ce mini komai ya kammala ba, sai takardar shaida daga manaja, kuma ran Juma'a makarantar ke rufe karɓa? Na ce yarinyar nan ba ta san girman na gaba ba, za ta je roƙon alfarma hannu rabbana.

Hye-rim: Ba shi ba ne, Omma! Manaja Gu nake nufi, wanda na yi wa aiki da, kafin a mayar da shi wani sashe. Pyo bai ma san ina shirin tafiya ba.

Omma: Me? Layin ya yanke. Bai san me ba?

Hye-rim: Ina kan matakala ne, ba na so a ji ni. Na ce bai sani ba! Ɓoye masa na yi.

Omma: Kika ɓoye wa mai gidanki? Ki tsallake wanda ke kanki ki je wa na gefe? Wa ya koya miki wannan? Ni dai ba ni ba.

Hye-rim: A nan duk wanda aka ji zai tafi, ya zama bare tun daga ranar. Sai takardar shiga ta zo hannu ake faɗa. Kowa haka yake yi.

Omma: To me ya ce?

Hye-rim: Da safe ya buɗe kwalin a gaban kowa, ana ta yaba girman kifin. Ya ɗauki wasiƙar ya karanta da ƙarfi. Ya ninke ta, ya ce, "Ashe muna da ɗaliba a cikinmu." Ya shige ofis ya kira Gu.

Omma: Ina ruwan Gu da shi?

Hye-rim: Jami'a ɗaya suka yi, Pyo na gaba da shi da shekara shida. Pyo ne ya kawo shi kamfanin. Kafin sha biyu Gu ya turo mini saƙo: in yi haƙuri, ba zai iya rubutawa ba.

Omma: Matsoraci! Nemi wani. Garin nan cike yake da manajoji masu ɗaure wuya.

Hye-rim: Sai wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa suke karɓa. Su biyu ne kaɗai, shekara tara.

Omma: Ai kin ce ana sake buɗewa a watan Janairu.

Hye-rim: Sakamakon jarrabawar Turancina shekara biyu yake aiki, a Nuwamba zai mutu. Sai na sake rubuta ta. Da wane lokaci? Yanzu Pyo ba zai bar ni in tashi kafin shi ba ko rana ɗaya. A Disamba kuma ake sauya wa ma'aikata wuri, na san ma'ajiyar kaya za a jefa ni. Wace makaranta za ta ɗauki wadda aka rage wa matsayi?

Omma: Da kin nema tun bara.

Hye-rim: Omma! Bara na cike komai. Ke kika ce 'yar da ta san ciwon kanta ba ta neman hanyar ƙasar waje babanta bai shekara a ƙasa ba.

Omma: Kuma gaskiya na faɗa. Yau ma ita zan faɗa.

Hye-rim: Na sani.

Omma: Kuka kike? Share hawayenki, kada su gani. Ji nan, gobe zan hau motar farko, in zo in durƙusa masa. Tsohuwa mai furfura, ai zai ji kunya.

Hye-rim: Kada ki zo. Don girman Baba, kada ki zo.

Omma: To in aika wa shi Gun nasa? Akwai sauran manya guda...

Hye-rim: Kada ki sake aika wa kowa komai! Wancan ma ya dawo da shi. Yana ƙarƙashin teburina, duk ofis ya ɗauki ƙarni.

Omma: Ya dawo da shi? Kyautar biki?

Hye-rim: Har da wasiƙar a sama.

Omma: Hye-rim.

Hye-rim: Na'am.

Omma: Da ya karanta... sun yi wa rubutun dariya?

Hye-rim: Ba wanda ya yi dariya, Omma. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ga Pyo can yana kirana, sai anjima.

Omma: Tsaya! Ki sunkuya masa sosai, kin ji? Kifin kuma kada ki bar shi a zafi, ki sa shi a firiji, ki riƙa gasa ɗaya-ɗaya da shinkafa, ba taliya ba. Kina jina? Hye-rim? Halo?