Hadiza Ta Riga Zuwa Raga

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Rabi daga Vénissieux a Faransa.

Ɗiyata Hadiza tana buga tanis, amma in aka cinye ta, sai ta ƙi miƙa wa abokiyar karawarta hannu. Babanta ya gaji, ya ce zai cire ta daga kulob.

Ran Lahadi muna kallon gasar tanis ta filin ciyawa a talabijin, wata 'yar Birtaniya da ke ta shan kashi bana tana karawa da 'yar Faransa. 'Yar Faransar ta saba zamewa a filin jar ƙasa, ta gwada a ciyawa, ta faɗi. 'Yar Birtaniyar ta zagaya raga da gudu ta ɗaga ta. Ƙarshe kuma ita 'yar Birtaniyar aka cinye, wallahi ta ba ni tausayi. Hadiza ta ce, "Mama, ba ta ji haushi ba?" Na ce, "Ta ji mana, dubi idonta."

Jiya an sake cinye Hadiza. Tana kuka, amma ita ta riga zuwa raga don miƙa hannu.

Ina gaida ƙanwata a Montreuil. Malam, baban Hadiza yana jin shirin nan, ka taya ni roƙonsa ya bar ta a kulob.