Takwaran da na yi wa aminina alkawari

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Malam Idi ne daga Sandamu.

Allah ya ba ni jika, murna har ta hana ni zama, amma na yi ɓarna. A ajin yamma na Turanci an koya mana "possible" mai yiwuwa ne kawai, "probable" ya fi kusa da tabbas. Da aka duba cikin matar ɗana, likita ya ce "possible" namiji ne. Na gane sarai, amma zumuɗi ya kai ni wurin aminina Haruna, wanda bai taɓa haihuwa ba. Na ce, "Haruna, takwaranka na tafe!" Ya yi ƙwalla, ya sayo ragon suna.

Jiya aka haifi mace. Har yanzu bai sani ba. Jama'a, da wane baki zan gaya masa?