Takalmin Baba na Filasta

Mai girma shugaban taro, shugabar wannan makaranta, malamanmu masu haƙuri, iyayenmu da aka zaunar a kujerun da muka goge da safe amma har yanzu suna fari, 'yan'uwana ɗalibai, jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama.

A madadin 'yan ajin farko na sashen sassaƙa, ina godiya da kuka zo ganin aikinmu. Ina godiya ta musamman ga masu shara, waɗanda suka kwashe fiye da rabin abin da muka yi a bana.

An ce in faɗi abin da muka koya. Zan taƙaita.

Na farko, mun koyi kwaɓi. Filasta farin gari ne da ake barbaɗawa cikin ruwa, a juye a kwali, ya daskare ya zama dunƙule. Ba ya jiran kowa. Ka tsaya amsa gaisuwa, ka juyo ka tarar ludayinka ya zama ɗan gida a cikin bokiti.

Na biyu, mun koyi cewa mai sassaƙa ba ya ƙari, ragi kawai yake yi. Abin da wuƙa ta cire ya tafi, abin da magagari ya ci ya tafi, kuka ba ya mayar da shi. Malaminmu kalma ɗaya yake da ita. Ya tsaya a bayanka, ya ce, “Rage.” Wani abokinmu ya fara da doki, yau agwagwarsa tana tebur na biyu.

Na uku ya shafe ni ni kaɗai, ku yi mini uzuri. Mahaifina yana nan, a layi na huɗu, ya harɗe hannu. Shi so ya yi in zauna a shagon gwaggona in koyi ciniki. Ranar da na nace sai makarantar nan, ya shiga ɗaki ya fito da tsohon takalminsa na aiki, ƙafa ɗaya, don ɗayan ya daɗe da ɓata. Ya ce, “Ke mai sassaƙa, ungo. Ki kawo mini ɗan'uwansa a ƙarshen shekara, ki ci gaba. In kin kasa, gwaggonki tana jira.” Na ce, “To, Baba.”

Na ɗora takalmin a gabana na duƙufa. Na auna, na zana, na kankare. Na fitar da ɗinkin, na fitar da ramukan igiya, na fitar da tudun da babban yatsa ya yi. Da na zo dunduniya sai na ga ta cinye ta gefe guda, ta zama kamar bakin wuƙa. Da kaina na bi wannan cinyewar da magagari, kaɗan-kaɗan, sai a lokacin na san irin tafiyar da mutumin nan ya sha a kanmu. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa, har na fita waje na ɗan tsaya.

Da na gama, Malam ya zo ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa. Bai ce in rage ba. Ya ɗauko na asalin ya jera su, ya ce, “Aiki ya yi. Mahaifin naki ƙafafun hagu biyu gare shi?”

Jama'a, hagu aka ba ni, hagu na kwafa, babu kuskure ko ɗaya. Wanda ya bi a sannu ma yakan ɓata hanya.

Saboda haka, Baba, a gaban shaidu, ban cika sharaɗi ba, kuma ba zan yi gardama ba. Takalmin da na sassaƙa yana can tebur na ƙarshe, kusa da ƙofa. Ina roƙonka ka ɗaga shi ka dubi dunduniyar kafin ka yanke hukunci. Na dai tambayi Malam yaushe ake koyar da juya abu daga hagu zuwa ɗaya ɓangaren. Ya ce sai a aji biyu.

Allah ya saka wa malamanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da sanyin zuciya, ya ba gwaggona mai taimako nagari wanda ba ni ba, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ku kakkaɓe rigunanku kafin ku fita.

Na gode.