Abin da Nas Ta Cire

A ɗakin jira na wani asibiti a Greensboro, Serah na ta jujjuya wata 'yar lambar ƙarfe a hannunta. Wata dattijuwa 'yar Nijar da ke gefenta ta leƙo.

"Ɗiyata, hoton wane ne wannan?"

"Waliyyi Peregrine ne, Hajiya. Mu Katolika shi muke roƙo ya yi wa masu ciwon kansa addu'a."

"To me ya sa yake hannunki, ba wuyan mai ciwon ba?"

Serah ta dubi lambar. "Shekara biyu maigidana bai taɓa cire shi ba. Yau da za a shiga da shi tiyata, nas ta ce ba a shiga da ƙarfe. Awa huɗu ke nan, ba wanda ya fito."

"Ƙarfe ba ya warkarwa, ɗiyata. Allah ke warkarwa."

"Na sani, Hajiya."

Dattijuwar ta dubi ƙofar tiyata. Can ta buɗe nata hannun. Wata 'yar laya ce, ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Ni ma ta ɗana suka cire," in ji ta. "Matso kusa da ni."